Jean-Martin Charcot, ɗan mai ƙera keken doki da ya bar sunansa a kan wata cuta

Yau za mu leƙa ƙasar Faransa, mu koma baya wajen shekaru 200, domin mu kawo muku labarin wani likita da bai taɓa warkar da cutar da ta sa ya yi suna ba, amma har gobe da sunansa ake kiranta. A rubuce sunansa Jean-Martin Charcot, a baki kuwa Sharko ake cewa, kuma haka za mu riƙa rubuta shi don sauƙin karatu.

Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibiti ya san da faransanci likitocinmu ke rubuta sunan cuta. To a cikin sunayen nan akwai wanda likita ba ya so ya rubuta wa kowa, shi ne SLA, ko cutar Sharko. Cuta ce da ke cinye ƙarfin mutum sannu a hankali: yau hannu ya kasa murɗa makulli, gobe ƙafa tana ja, jibi harshe ya yi nauyi, har ta kai ga haɗiya da numfashi. Ba ta da yawa, don a Turai mutum 2 zuwa 3 ne cikin 100.000 ke kamuwa da ita a shekara. Amma gidan da ta shiga, jari da ƙarfi da haƙuri duk sai ta taɓa su. Mutumin da ya fara gane ta, da matan talakawa da aka gane ta a jikinsu, da abin da masana suka tono shekaru fiye da 100 bayan mutuwarsa, su ne labarinmu na yau.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Sharko a birnin Paris ranar 29 ga watan Nuwamba na shekarar 1825. Mahaifinsa mai sana'ar hannu ne, yana ƙera kekunan doki, waɗanda su ne motocin wancan zamani. Gida ne na mai cin guminsa, babu sarauta, babu tarin dukiya. Su huɗu ne maza, Sharko ne babba. Ɗaya daga cikin ƙannensa ya gaji sana'ar uban, sauran suka shiga aikin soja, shi kuwa aka bar shi a lakol saboda kansa yana ja.

Tun yana yaro ya iya zanen hoto. Idan ya kalli mutum sau ɗaya, sai ya fitar da shi a takarda da yadda yake tsayuwa da yadda yake riƙe hannu. Wannan baiwa ba ta tafi a banza ba, don daga baya ita ce ta zama babban kayan aikinsa: ido mai lura da abin da sauran likitoci ke wucewa ba su gani ba.

A 1848 ya ci jarrabawar shiga sahun ɗaliban likita masu kwana a asibiti. A 1853 ya kammala karatu da wani bincike a kan ciwon gaɓoɓi na tsofaffi, inda ya rarrabe cututtuka biyu da a da ake haɗa su wuri ɗaya. Marasa lafiyar da ya yi binciken a kansu a wani gida ya same su mai suna Salpêtrière, mu ce Salfetiriyar. Wannan gida shi ne zai zama kasuwarsa da gonarsa har ƙarshen rayuwarsa.

Gidan da ake zubar da mata

Asalin Salfetiriyar wurin haɗa albarushi ne. A 1656, zamanin sarki Luwi na 14, aka mai da shi wurin tara matan da gari ba ya so ya gani: mabarata, tsofaffin da ba su da kowa, makafi, guragu, masu farfaɗiya da masu taɓin hankali. Lokacin da aka naɗa Sharko likitan gidan a 1862, mata wajen 5.000 ne a ciki. Ƙaramin gari ne cikin gari, da lunguna da wurin wanki da wurin dahuwa. Yawancin matan, wadda ta shiga ba ta fita sai gawarta.

Likitoci masu neman suna ba sa son a tura su can. Wuri ne da ke nesa da tsakiyar birni, ba kuɗi, kuma cututtukan da ke ciki an riga an yanke ƙauna da su. Shi kuwa Sharko abin da wasu suka gani a matsayin juji, shi ya gan shi rumbu. Dalili shi ne, a sauran asibitoci mara lafiya yakan zo ya tafi, likita bai san ƙarshensa ba. A nan kuwa mace za ta yi shekara 10 ko 20 a gaban idonsa, ya ga farkon ciwo, ya ga tsakiyarsa, ya ga ƙarshensa.

Shi da abokinsa Alfred Vulpian suka bi ɗakunan gado bayan gado. Kowace mace suka buɗe mata takarda: yaushe ciwo ya fara, ta wace gaɓa, yaya take tafiya, yaya take magana, tana jin tsini idan an soka mata allura ko ba ta ji. Sharko yakan sa a kawo masa mara lafiya, ya zauna shiru yana kallo tsawon lokaci, sa'an nan ya sa a kawo ta biyu da ta uku ya jera su yana gwadawa.

Littafi da sito

Ƴan kasuwa sun san wannan dabara ko da ba su san sunanta ba. Mai shago yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ran ƙidaya kuma ya buɗe sito ya gwada da littafi, a nan ne yake gane inda ɓarna take. Haka Sharko ya yi da jikin ɗan Adam. Abin da ya gani ga mai rai, shi ne littafinsa. Idan mara lafiyar ta mutu, sai a binciki gawar, a ciro ƙwaƙwalwa da laka, wato farar igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, a yanka su siri-siri a duba da madubin ƙara girma. Sai ya ɗauko takardar shekarun baya ya aza kusa da abin da ya gani. Idan mata goma masu alama iri ɗaya duk an tarar da tabo a wuri ɗaya, to an gano mazaunin cutar.

Akwai labarin da ɗalibinsa Sigmund Freud ya bayar. Sharko ya ɗauki wata mata aikin gida wadda hannunta ke rawa, ta yadda ba mai son ɗaukarta aiki. Shekara da shekaru tana fasa masa kwanoni da faranti, bai kore ta ba. Bayan ta rasu aka duba, sai aka tarar da tabo warwatse a ƙwaƙwalwarta da lakarta. Ita ce cutar da ya yi cikakken bayaninta a 1868, wadda likitoci ke kira sclérose en plaques. Shi ne kuma ya koya wa likitoci rarrabe rawar jiki iri biyu: wadda ke zuwa idan mutum ya miƙa hannu zai ɗauki abu, da wadda ke zuwa yana zaune bai yi niyyar komi ba. Ta biyun ita ce wadda wani likitan Ingila, James Parkinson, ya bayyana tun 1817, kuma Sharko ne ya sa aka riƙa kiranta da sunan mutumin.

Yadda ya gano cutar

Kafin zamaninsa likitoci sun san akwai mutanen da tsokarsu ke ramewa har su kasa motsi, amma ana gardama: a tsoka ciwon yake ko a jijiya? Sharko ya warware gardamar mataki-mataki.

A 1865 ya gabatar da labarin wata mata da hannuwanta da ƙafafunta suka sandare, har aka ɗauka ciwon ruɗani ne kawai. Da aka duba lakarta, sai ga tabo mai tauri ya bi gefe biyu daga sama har ƙasa. A 1869, shi da ɗalibinsa Alix Joffroy suka fitar da bayanin wasu mata biyu da suka haɗa abu biyu, sandarewa da ramewar tsoka. A lakarsu ma ɓarna biyu aka tarar: gefe ya yi tabo, kuma manyan ƙwayoyin jijiya da ke ɓangaren gaba na laka sun ɓace.

Ga abin da wannan ke nufi. Idan mutum zai ɗaga hannu, umurnin da ƙwaƙwalwa ke aikawa zango biyu yake yi, kamar kayan da aka ɗoro daga Kwatano, aka sauke a tasha, wata mota ta ƙarasa da su. Jijiya ta farko tana ɗauko saƙon daga ƙwaƙwalwa ta bi gefen laka. Ta biyu tana karɓa a gaban laka ta kai wa tsoka. Idan ta farko ta lalace, gaɓa takan sandare. Idan ta biyu ce, tsoka takan rame ta riƙa motsi ita kaɗai a ƙarƙashin fata. Shan inna da muka sani ga yara, zango na biyu kawai take bugewa, a lokaci ɗaya, sai ta tsaya, kuma Sharko da Joffroy na cikin waɗanda suka nuna haka a 1870. Wannan cuta kuwa zangon biyu duka take ci, manya take kamawa, kuma ba ta tsayawa.

A 1874 ya raɗa mata suna da kalmomi uku na faransanci da aka gajarta SLA. Ma'anarsu: tabo mai tauri, a gefen laka, tare da ramewar tsoka. Ya bayyana cewa sau da yawa daga hannu take farawa, ta sauka ƙafa, ta hau zuwa harshe da leɓe da maƙogwaro. Ya lura mara lafiyar yana jin taɓi da zafi da sanyi yadda ya saba, yana kuma riƙe fitsari da bayan gida. Ya ce galibi cikin shekara 2 zuwa 3 take kashewa. Likitan yau da ya karanta bayanin nan kaɗan zai gyara.

Magani kuwa bai samu ba, kuma bai yi ƙaryar ya samu ba. Abin da yake gaya wa ɗalibansa shi ne kada su daina nema, wataƙila hukuncin da suke yanke wa mara lafiyar yau ya sha bamban da wanda za a yanke wa na gobe.

Ɗaukaka da tuntuɓe

A 1864 ya auri wata bazawara mai suna Augustine, ɗiyar wani babban tela mai arziki na Paris. Dukiyarta ta ba shi kwanciyar hankalin yin bincike. Suka haifi ƴaƴa biyu, Jeanne da Jean-Baptiste. Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Paris ƙawanya a 1870, ya fitar da iyalinsa, shi ya tsaya yana duba marasa lafiya.

A 1882 gwamnati ta ƙirƙiro masa kujerar farfesan cututtukan jijiya, irinta ta farko a duniya. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashe da dama. Freud ya zauna wurinsa daga ƙarshen 1885 zuwa farkon 1886. Joseph Babinski, Pierre Marie da Gilles de la Tourette, waɗanda kowane ɗalibin likita ya san sunansu, duk a hannunsa suka tashi. Manyan duniya suna neman shi, har da Pedro na biyu, sarkin Brazil. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai kwarjini, wanda ba ya son a musa masa, har aka yi masa laƙabi da Napoleyon. Amma yana da tausayin dabbobi, bai yarda a yi gwaji a kansu a sashensa ba, kuma yana kiwon biri a gidansa.

To amma duk gwanin doki wata rana yakan sha ƙasa. Daga 1870 aka haɗa masa ɗakin mata masu farfaɗiya da masu wani ciwo da ake kira isteri, wato mutum ya riƙa faɗuwa ko gaɓarsa ta shanye alhali an duba ba a ga ɓarna a jijiya ba. A nan dabararsa ta littafi da sito ta ƙi ci, don ya buɗe sito bai tarar da komi ba. Sai ya koma sa matan wani irin barci na dabara a gaban jama'a. Ƴan jarida da marubuta da masu kuɗi suka riƙa cika zauren suna kallon matan talakawa suna faɗuwa suna sandarewa, ana kuma ɗaukarsu hoto. Likitocin garin Nancy, ƙarƙashin Hippolyte Bernheim, suka ce yawancin abin da ake gani matan sun koya ne daga abin da likita ke jira ya gani. Bayan mutuwarsa ɗalibinsa Babinski ma ya rushe babban ɓangare na wannan koyarwa. Abin da ya rage mai amfani shi ne ya nuna ciwon ba ƙarya ba ne, kuma yana kama maza, musamman bayan haɗari ko firgita. Amma mai da marasa galihu abin kallo tabo ne a tarihinsa, kuma ba za mu ɓoye shi ba.

A watan Agusta na 1893 ya fita hutu da wasu tsofaffin ɗalibansa biyu zuwa yankin Morvan. Dama zuciyarsa ta jima tana damunsa. A wani masauki kusa da tafkin Settons ruwa ya cika masa huhu, ya rasu ranar 16 ga wata yana da shekara 67. A cocin Salfetiriyar aka yi jana'izarsa, aka binne shi a maƙabartar Montmartre. Ɗansa Jean-Baptiste ya bar aikin likita ya zama mai binciken tekun ƙanƙara, ya mutu a 1936 da jirginsa ya nutse kusa da Iceland.

Tambayar da ya bari

Sharko ya nuna inda ɓarna take, amma me ke kashe jijiyoyin? Wannan tambaya ta fi ƙarni ɗaya ba amsa. A tsakani cutar ta kashe Lou Gehrig, shahararren ɗan wasan Amurka, a 1941 yana da shekara 37, shi ya sa a can da sunansa ake kiranta. Ta kama masanin nan na Ingila Stephen Hawking a 1963, shi kuwa ya rayu da ita har 2018, abin da ba a cika gani ba.

Domin mu fahimci amsar da aka samu, sai mun shiga cikin ƙwayoyin jiki, waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da ɗaki a tsakiyarta, a ciki akwai babban littafin da muka gada daga uwa da uba, wanda masana ke kira ADN. A littafin akwai babi wajen 20.000, kowane babi ƙwayar gado ke nan, kuma kowanne yana bayanin yadda za a haɗa wani kayan aiki na jiki da ake kira furotin. Littafin ba ya fita daga ɗaki. Idan ana bukatar wani babi, sai a kwafe shi a wata takarda da ake kira ARN. Wannan shi ne aiki na farko, kwafa.

Amma kwafin nan ba ya amfani yadda ya fito. Kamar turmin atamfa ne da aka kai wa tela: sai an yanke, an zubar da ƙyallayen da ba a so, an ɗinke sauran, kafin ya zama riga. Wannan shi ne aiki na biyu, yanka da ɗinki. A 1977 aka gano shi, kuma waɗanda suka gano shi, Richard Roberts da Phillip Sharp, sun karɓi kyautar Nobel a 1993, shekara 100 cif bayan mutuwar Sharko.

A 1995 wasu masu bincike a Amurka da ke nazarin ƙwayar cutar sida suka ci karo da wani furotin na jikin mutum da ke manne wa littafin ƙwayar cutar yana hana a kwafe shi. Suka sa masa suna TDP-43, babin da ke haɗa shi kuma TARDBP. Mu lura, sida ba ta da hannu a cutar Sharko, a wurin binciken ne kawai aka haɗu da shi. A 2001 masana a birnin Trieste na Italiya suka nuna cewa furotin ɗin yana da hannu a yanka da ɗinki ma. Ke nan ma'aikaci ɗaya ne mai aiki biyu: yana sa ido a wurin kwafa, yana kuma tsaye a kan tela.

Ba wanda ya haɗa shi da cutar Sharko sai a 2006. Likitoci sun daɗe suna ganin wasu dunƙule-dunƙule a cikin jijiyoyin waɗanda cutar ta kashe, kamar gudajin da ke fitowa a tuwo idan ba a tuƙa da kyau ba, amma ba a san da me aka yi su ba. A wannan shekara ƙungiyar Virginia Lee da John Trojanowski a jami'ar Pennsylvania ta Amurka, da wata ƙungiya a Japan, suka gano cewa gudajin nan TDP-43 ne. Ya bar ɗakin da yake aiki, ya fito waje ya dunƙule. Ana samun haka ga kusan 97 cikin 100 na masu cutar. Daga raɗa suna a 1874 zuwa wannan rana, shekara 132 ke nan.

Ɓarnar ta fuska biyu ce. A waje gudajin yana cushe ƙwayar. A ciki kuma an bar tela ba mai tsaro. A 2015 aka nuna cewa babban aikin TDP-43 shi ne ya zauna a kan ƙyallayen banza don kada tela ya ɗinke su cikin riga. Idan ba ya nan, sai a ɗinka da su, rigar ta lalace. A 2019 da 2022 aka gano biyu daga cikin kayan da ke lalacewa ta haka: ɗaya na gyaran doguwar jijiya ne idan ta ji rauni, ɗayan na miƙa saƙo daga jijiya zuwa jijiya. Jijiyar da ke tashi daga laka ta kai yatsan ƙafa tana iya kai mita ɗaya, kuma jiki ba ya sake yin sabuwa idan ta mutu. Irin wannan ba ta jure rashin kayan gyara.

Inda aka gyara masa

Binciken ya gyara wa Sharko abu biyu. Na farko, shi ya ɗauka cutar ba ta taɓa hankali. Ga da yawa haka ne. Amma gudajin TDP-43 ɗin nan an same shi ga kusan rabin masu wata cuta ta gaban ƙwaƙwalwa, wadda ke sauya halin mutum da maganarsa tun bai tsufa sosai ba. Yanzu an san cututtukan biyu dangin juna ne, kuma wasu masu SLA suna haɗa duka biyun. A 2019 masana suka bayyana wata mantuwa ta tsofaffi tukuf da ita ma wannan furotin ne a bayanta.

Na biyu, batun gado. Sharko bai ɗauke ta cutar gado ba, ko da yake tun 1880 likita William Osler ya ba da labarin wani dangi a Amurka da ta bi su. Yau an san kamar mutum 1 cikin 10 na masu cutar gadonta suka yi. An gano babin farko mai kuskure a 1993, sunansa SOD1. A 2008 aka tarar da iyalan da kuskuren ke cikin TARDBP kansa, wanda ya tabbatar cewa furotin ɗin yana iya zama mafarin ciwon. A 2009 aka gano wani ɗan'uwansa mai irin aikinsa, FUS, sai C9orf72 a 2011. Sauran 9 cikin 10 kuwa, ba wanda ya taɓa yin ta a danginsu, galibi babinsu na TARDBP lafiya lau yake, amma duk da haka furotin ɗin ya dunƙule.

Halin da ake ciki

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar Sharko. Akwai riluzole, wanda wani kamfanin Faransa ya haɗa aka fara ba da shi a 1995, yana ƙara ƴan watanni. A 2023 Amurka ta amince da tofersen, amma na masu kuskuren SOD1 ne kawai, kuma su kaɗan ne. An fara gwada wasu magunguna a kan mutane da nufin su tsaya wa tela a madadin TDP-43. Abin da ya fi taimako a yau shi ne kulawa: abinci mai laushi ko ta tiyo, na'urar taimakon numfashi, motsa gaɓoɓi, da keken zama.

Abu uku muke so mai karatu ya riƙe. Cutar ba ta yaɗuwa, ba a ɗaukarta ta kwano ko ta shimfiɗa, don haka babu dalilin gudun mai ita. Wanda bakinsa ya mutu, sau da yawa yana ji yana kuma fahimtar duk abin da ake faɗa a kansa, sai a kiyaye harshe a gabansa. Sa'an nan ba duk raunin hannu ko nauyin harshe ne wannan cuta ba. Akwai cututtuka masu kama da ita da ke da magani, likitan jijiya ne ke rarrabewa, shi ya sa zuwa asibiti da wuri ya fi a ƙarar da jari wurin duk mai alkawarin warkarwa.

Salfetiriyar tana nan har yau, an haɗe ta da asibitin Pitié, ta zama ɗaya daga cikin manyan asibitocin Turai, kuma ana ci gaba da binciken wannan cuta a cikinta. Dabarar da aka bi aka kama TDP-43 a 2006 ita ce dai ta Sharko: a rubuta abin da aka gani ga mai rai, a gwada da abin da aka tarar bayan mutuwa. Sunansa ne ya hau kan cutar, amma wankau da masu aikatau da tsofaffin da suka kwanta a gadajen gidan nan su ne suka biya kuɗin wannan ilimi da jikinsu, ba tare da an tambaye su ba. Duk inda aka ambaci Sharko, ya kamata a tuna da su.